Gyara da Hana Gyara: Lacca a Kan Yadda Ake Shirya Fitowar Debian

  

Mas'alar da aka ɗora mini ita ce wannan: yaya masu haɗa babbar manhaja, watau wadda ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, suke yi su natsar da dubban ƙananan manhajojin da ke cikinta, su gyara aibobinsu, kafin ranar da za su ce wa duniya ga ta nan, a ɗauka a yi aiki? Zan gina maganata a kan Debian, domin ita ce nake ganin ta fi sauran tsananta wa kanta a wannan babi, kuma domin duk abin da mutanenta suke yi, har da gardandaminsu, a fili suke yin sa, kowa na iya dubawa. Abin da nake so ku riƙe tun daga yanzu shi ne, a watannin ƙarshe kafin fitowa, gyara aibi ba shi ne aiki mafi wuya ba. Wanda ya fi shi wuya shi ne a kawo maka gyara mai kyau, daga hannun mutumin kirki, ka dube shi ka ce a'a, sai wani karo.

Batu na farko, mu san abin da ake tsarewa. Ian Murdock ne ya kafa Debian a watan Agusta na shekarar 1993, kuma har yau ba kamfani ke riƙe da ita ba, jama'a ce ta masu aikin sa kai da ke warwatse a ƙasashen duniya. Ita babbar manhajar ba dunƙule guda ba ce. Tarin ƙunshe-ƙunshe ce, kowane ƙunshi da aikinsa da mai kula da shi. Debian ta 12, wadda ake kira Bookworm, ta fito ranar 10 ga Yuni 2023 da ƙunshi fiye da 64,000, an kuma gina su domin nau'in na'ura tara. Galibin waɗannan manhajoji ba mutanen Debian suka rubuta su ba, masu su na asali suna can wasu wurare suna ta sauya su yadda suka ga dama, ba su jiran kowa. Sa'an nan kuma ƙunshi yana jingina da ƙunshi: wannan ba ya tashi sai da wancan, wancan kuma ba ya tashi sai da wasu goma, ta yadda idan aka taɓa ɗaya daga cikin na ƙasa, ɗaruruwa na sama za su iya girgiza. To, wa zai iya tsayar da abu irin wannan wuri guda har ya ce ya natsu?

Batu na biyu, zangon da ƙunshi ke bi. Duk sabuwar siga da mai kula ya ɗora, tana sauka ne a zango na farko, wanda suka laƙaba wa suna Sid, sunan yaron nan mai lalata kayan wasa a fim ɗin Toy Story, inda ake ɗebo sunayen duk fitowar Debian. A can ba a yi wa kowa alkawarin komai ba. Abin da ya yi aiki jiya yana iya ƙi yau. Zango na uku shi ne tabbatacce, wanda ake miƙa wa jama'a. A da babu komai a tsakaninsu, sai a shekarar 2000 aka shigo da zango na tsakiya, zangon gwaji, aka kuma sa masa mai gadi, wata manhaja da Anthony Towns ya rubuta mai suna britney, wadda ba ta san kunya ba, ba ta san girman kowa ba.

Sharuɗɗanta sanannu ne. Sai ƙunshi ya yi wasu kwanaki a Sid, biyu ko biyar ko goma gwargwadon gaggawar da mai kula ya ambata, domin a ba masu ƙarfin halin da ke zaune a can damar cin karo da aibinsa. Sai an gina shi lafiya a kan dukan nau'o'in na'urar da aka saba gina shi. Sai ya zama bai zo da wani babban aibi da tsohuwar sigar ba ta da shi ba. Sai gwaje-gwajen da na'ura ke yi da kanta sun nuna bai karya wani abu da ke jingine da shi ba. Kuma sai ya tabbata shigarsa ba za ta sa wasu ƙunshe-ƙunshe su kasa girkuwa ba. In ya cika waɗannan ya wuce, in ya gaza ɗaya ya tsaya, ko da kuwa shugaban Debian ne ya ɗora shi. Manufar ita ce zangon gwaji ya kasance kullum kusa da abin da za a iya fitarwa.

Batu na uku, martabobin aibi. Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba, domin ya san ba kowane kuskure ke ɓata ibada ba, akwai mai ɓatawa, akwai mai rage lada, akwai wanda aka yi rangwame a kansa. Rajistar aibobin Debian, wadda Ian Jackson ya fara rubuta manhajarta a 1994, ta kasa aibi martaba bakwai. Na ƙasa duka buri ne kawai, wani yana fatan a ƙara wani abu. Sama da shi akwai ƙaramin aibi, kamar kuskuren rubutu, sai na yau da kullum, sai mai muhimmanci, wanda ke takura wa mai aiki amma bai hana shi aikin ba. Ukun da ke sama su ne masu hana fitowa: wanda ya saɓa wa ƙa'idar Debian saɓawa mai tsanani, kamar ƙunshin da ya ƙi ginuwa daga asalin rubutunsa ko wanda lasisinsa bai halatta a rarraba shi ba; da wanda ya sa ƙunshin bai amfanuwa, ko yake halaka bayanan mai shi; da mafi muni, wanda ɓarnarsa ke tsallakewa ta shafi sauran manhajoji ko ta buɗe kwamfutar ga ɓarayi.

Kada ku zaci sanya martabar nan abu ne da ake yi cikin lumana kullum. Wanda aibi ya cije shi yana ganin nasa ne mafi girma a duniya, sai ya ɗaga martabarsa. Mai kula da ƙunshin, wanda ya san abin da ɗagawar ke jawo masa, sai ya sauke ta. A yi ta kai da kawo, har kwamitin fitarwa ya shigo ya yanke hukunci, domin a wannan mas'ala maganarsa ce ta ƙarshe. Idan kuwa aibi ya tabbata mai hana fitowa ne, mafita uku ce. Ko a gyara shi, kuma ba dole sai mai kula ba, domin ƙa'ida ta yarda wani ya ɗora gyara a kan ƙunshin da ba nasa ba, bayan ya sanar, ya kuma ba mai shi 'yan kwanaki ko zai yi magana. Har taruka suke shiryawa na ƙarshen mako a birane daban-daban, a zauna ba abin da ake yi sai kashe irin waɗannan aibobi. Ko a cire ƙunshin daga zangon gwaji, wanda tun bayan fitowar Debian mai suna Wheezy a 2013 na'ura ce ke yin sa da kanta bayan 'yan makonni na gargaɗi, sai fa ƙunshe-ƙunshen da suka zama ginshiƙai, waɗanda ba a iya rabuwa da su. Ko kuma, bisa larura, kwamitin ya sa wa aibin alama cewa an san da shi amma ba zai tsayar da wannan fitowa ba. Ku lura da wannan ta uku da kyau: Debian tana fitowa da aibobin da ta sani, da idonta buɗe.

Batu na huɗu, kuma a nan zan daɗe, shi ne rufe ƙofa. Idan lokacin fitowa ya kusa, akan fara ƙuntata hanyar da ke tsakanin Sid da zangon gwaji, ba a lokaci guda ba, mataki-mataki. Mu ɗauki Bookworm. Ranar 12 ga Janairu 2023 aka hana manyan sauye-sauye, irin waɗanda ke tilasta a sake gina ƙunshe-ƙunshe masu yawa, aka kuma tsayar da kayan aikin da ake gina sauran da su. Ranar 12 ga Fabrairu aka hana sabon ƙunshi shiga, wanda aka cire kuma ba ya dawowa, aka ce ƙananan gyare-gyare kawai ake so. Ranar 12 ga Maris aka ƙara tsanantawa: ginshiƙan ƙunshe-ƙunshe, da duk wanda ba shi da gwajin da na'ura ke yi, ba sa wucewa sai da izinin mutum, sauran kuwa sai sun jira kwana 20. Ranar 24 ga Mayu aka rufe ruf, babu mai wucewa sai da sa hannun kwamiti. Bayan kwana 17 aka fito.

Me ya sa aka fara da manyan sauye-sauye? Ga misali. Kwamfutoci masu tsohon tsari na 32-bit suna ƙirga lokaci da wani adadi da zai cika ya tumbatsa ranar 19 ga Janairu 2038. Domin magance wannan sai da Debian ta sake gina ɗaruruwan ƙunshe-ƙunshe, ta sauya sunayensu, Sid ya yi makonni a hargitse. An yi aikin ne a farkon 2024, fiye da shekara guda kafin Debian ta 13, Trixie, ta fito ranar 9 ga Agusta 2025. Da an bari sai ana saura wata biyu, da ba a fito ba.

Yanzu ku zo mu leƙa teburin ɗan kwamitin fitarwa a cikin watan ƙarshe. Mai kula da wani ƙunshi ya aiko da takardar neman izini, ya bayyana dalilin sauyin, da abin da zai faru in an ƙi, da gwajin da ya yi, da haɗarin da yake hange, ya kuma haɗa da jerin bambancin da ke tsakanin tsohuwar siga da sabuwa, layi bayan layi, wanda aka cire da alamar ragi a gabansa, wanda aka ƙara da alamar tarawa. Idan layi shida ne, kuma duk shidan suna nuni ga aibi guda, ɗan kwamitin zai karanta su cikin 'yan mintoci ya buɗe masa. Amma sau da yawa abin da ke zuwa shi ne, masu manhajar na asali sun fitar da sabuwar siga wadda ta gyara wannan aibin, ta gyara wasu ashirin, ta kuma sake tsarin rubutun, bambancin ya kai layi dubbai. Mai kula ya rantse cewa sabuwar ta fi tsohuwar ta kowace fuska, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amsar da zai samu ita ce: koma ka tsamo mana gyaran aibin nan shi kaɗai, ka ɗora shi a kan tsohuwar siga, sauran su jira.

Shin wannan ba taurin kai ba ne? Ni a ganina ba shi ba ne, ga kuma hujjata. Tsohuwar sigar ta yi watanni a hannun dubban mutane, aibobinta an san su, an rubuta su, an san girmansu. Sabuwar kuwa aibobinta ba a san su ba tukuna, kuma rashin sanin aibi ba shaida ba ce ta rashinsa. Kowane gyara sauyi ne, kowane sauyi kuma yana iya zuwa da nasa aibin, alhali lokacin da ya rage bai isa a gano shi ba. Malaman usulu suna da ƙa'idar da ke gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo maslaha, kuma ban san wani fage na aikin zamani da ake bin ta sau da ƙafa kamar wannan ba. Mai banki ko mai asibiti da zai girka Debian a kan na'urarsa ya bar ta shekara uku ko biyar, abin da yake saye da amanarsa shi ne tabbacin cewa abin da ya yi aiki ranar Litinin zai yi aiki ranar Talata bayan an sabunta. Shi ya sa ko bayan fitowa ba a sauya sigogi. Gyaran tsaro da na manyan aibobi kaɗai ake shigarwa, a tara su a ƙaramar fitowa kusan duk bayan wata biyu.

Ba na ɓoye muku cewa akwai tsada. Wanda ke kan tabbatacciyar Debian zai ga manhajojinsa sun tsufa, abokinsa yana aiki da sababbin abubuwa shi yana kallo. Masu manhaja na asali kuma sukan fusata idan aka yi ta kawo musu ƙarar aibin da suka gyara tun shekara biyu da suka wuce. Ƙorafinsu yana da tushe.

Batu na biyar, ƙissoshi biyu, ɗaya ta nuna iyakar wannan tsari, ɗaya ta nuna amfaninsa. A shekarar 2006 wata manhajar binciken kurakurai mai suna Valgrind ta yi ta gargaɗi a kan wasu layuka a cikin OpenSSL, ƙunshin da ke ƙera makullan sirri. Mai kula da shi a Debian, da kyakkyawar niyya, bayan ya ma tambayi masu manhajar, ya kashe layi biyu domin gargaɗin ya yi shiru. Ɗaya daga cikin layukan ba shi da wani muhimmanci, ɗayan kuwa ta nan ne ake zuba kusan dukan bazuwar da ke sa makulli ya gagari mai hasashe. Garin neman gira aka rasa ido. Makullan da ya kamata yawansu ya wuce lissafi suka koma kimanin 32,000 ga kowane nau'i, abin da ɓarawo zai gwada duka cikin ɗan lokaci. Wannan gyara ya wuce britney, ya wuce rufe ƙofa, ya shiga Debian ta 4.0 a watan Afrilu 2007, ya gangara cikin Ubuntu, wata babbar manhaja da ke ɗebo ƙunshe-ƙunshenta daga Debian, ba wanda ya lura, sai a watan Mayu 2008 Luciano Bello ya gano shi. Me ya sa duk masu gadin nan ba su kama shi ba? Domin babu abin da ya karye a ido. Makullan suna fitowa, suna buɗewa, suna rufewa. Mizanin nan duka yana auna aibin da wani ya gani ya kai ƙara ne kawai.

Ƙissa ta biyu ta watan Maris ce na 2024. Wani mai amfani da sunan Jia Tan, wanda ya yi kusan shekara biyu yana taimako har aka amince masa da kula da manhajar matse fayil mai suna xz, ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a sigogi 5.6.0 da 5.6.1, wadda za ta ba mai riƙe da wani makulli damar shiga kwamfutocin mutane daga nesa. Sigar ta shiga Sid, ta shiga zangon gwaji, ta shiga sigogin gwaji na wata babbar manhaja mai suna Fedora. Andres Freund, injiniya mai aiki a kan manhajar PostgreSQL, yana gwaje-gwajensa a kan Sid, sai ya ga shiga na'ura daga nesa ta hanyar SSH tana cin ƙarfin kwamfuta fiye da kima, tana kuma jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Bai kawar da kai ba, ya bi sawu har ya tono abin, ya sanar ranar 29 ga Maris. A lokacin tabbatacciyar Debian tana kan tsohuwar siga 5.4.1, ƙofar ba ta kai gare ta ba. Tsufan nan da ake yi mata gori da shi, shi ya tsare ta. Ubuntu kuwa, wadda ke dab da fitar da sigarta ta 24.04, ta ɗage fitowar gwajinta da mako guda ta sake gina ƙunshe-ƙunshenta domin kore shubuha.

Batu na shida gajere ne: yaushe ake cewa ya isa? Mazhabobi biyu ne. Debian ta ce sai an shirya, kuma wannan ya taɓa kai ta ga jinkiri mai ciwo, domin tsakanin fitowar Woody a 2002 da ta Sarge a 2005 shekara uku aka yi, rufe ƙofar Wheezy kuma ya ɗauki wata goma. A hankali ta koyi sanar da ranakun rufewa tun da wuri, ta daidaita a kan kusan shekara biyu-biyu. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, ta ce kalanda ce alƙali, Afrilu da Oktoba, abin da bai shirya ba ya jira jirgi na gaba, ko da yake ita ma a 2006 ta ɗage fitowar Afrilu zuwa Yuni. Fedora kuma tana zama kafin kowace fitowa a duba jerin aibobi masu tsayarwa, a ce a tafi ko a dakata mako guda.

Batu na bakwai, ina ruwanmu? A cikin ƙunshe-ƙunshen nan akwai tsarin allon rubutu na Hausa, na Nijeriya da na Gana, akwai kuma bayanan harshen Hausa da manhajoji ke dubawa wajen jera kalmomi da rubuta kwanan wata. Idan wata sabuwar siga ta sa ƙ ko ɗ ko ɓ suka daina fitowa daidai, mutumin Jamus ko na Brazil da ke zaune a kan Sid ba zai taɓa gani ba, kuma mun riga mun ce aibin da ba a kai ƙararsa ba, a wurin wannan tsari babu shi. Ƙari a kan haka, irin wannan aibi da wuya a ba shi martabar hana fitowa, saboda haka idan kuka bari sai an rufe ƙofa ruf, da ƙyar a karɓi gyaransa, sai ku zauna da shi shekara biyu. Lokacin kai ƙara shi ne tun ƙofa tana buɗe. Abin da ake bukata tsohuwar kwamfuta ce guda a ɗakin gwajinku, a girka mata zangon gwaji, a riƙa aiki da ita da Hausa, wanda ya ga abin da bai yi daidai ba ya buɗe manhajar reportbug ya rubuta sigar da yake kai, da abin da ya danna, da abin da ya zata, da abin da ya fito.

A nan zan dakata.  Wanda yake da tambaya, ko gyara, ko hujjar da ta saɓa wa tawa, musamman a cikin ma'aikatan da ke riƙe da na'urori, bismillah, fili nasa ne.